Riga Mai Gajeren Hannu

Ni na fara gani, kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ban yi boko ba, amma idona bai taɓa ba ni kunya ba. Ina zaune a ƙofar gida sai ga maƙwabcina Tela ya fito sanye da riga mai gajeren hannu.

Mutumin da ba a taɓa ganin gwiwar hannunsa ba. Ko ana zafin da ke narka kwalta, rigarsa har wuyan hannu take, a rufe da maɓalli. Mutane suna cewa gayu ne. Ni na san dalili. Shago ɗaya muka koyi ɗinki muna yara, wurin Maigida, wanda in ɗinkinka ya karkace yakan ɗora maka dutsen guga da zafinsa. Akwai kuma abin da ya fi guga, wanda yake yi in ya kulle ƙofa. Ni na gudu na zama direba. Tela ya zauna ya ƙware.

Da aka ce za a sa wa sabuwar makarantar koyon sana'a sunan Maigida, wata 'yar gidan rediyo ta zo neman yaransa na da. Lokacin ciwon ƙirji ya riga ya cinye Tela. 'Yarsa ta roƙe shi ya yi shiru, kada a riƙa nuna jikokinsa a hanya. Shi dai ya ce matar ta shigo. Da ta miƙa masa na'urar ɗaukar magana, tari ya sarƙe shi. Ta tafi ba ta samu ko kalma ba.

Da yamma na ji keken ɗinkinsa na kuka, yana tsayawa yana tashi.

Washegari ne ya fito da rigar. Ya zauna a benci, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, ga tabon guga a jere har kafaɗa. Masu wucewa suka fara gaisuwa, ta maƙale musu.

'Yarsa ta fito da mayafi za ta rufe shi.

"Bari, uwata," in ji shi. "Su sha iska."

Ya dube ni. "Direba, kai da bakinka ba ya hutawa, in an tambaya ka faɗa."

Bai kai ƙarshen mako ba ya rasu. Ni na je rediyon na faɗi komai, ban ɓoye sunana ba. Rigar kuwa tana nan a igiyar shanya, 'yarsa ta wanke ta kasa saukewa.

Mai cewa ƙarya nake yi ya zo, ina ƙofar gida. Zan naɗe masa hannun rigata.