Ɗanwaken Barira da Mawaƙin Hawa na Tara

Kalilu Iro bai taɓa zaton Sifaniyanci zai shiga tsakaninsa da digirinsa na uku ba. Shekara huɗu yana fama da bincike kan takin zamani a Kuala Lumpur, saura kwana goma sha biyu ya kare aikin a gaban malamai ta kwamfuta, tunda korona ta sa an kulle gari. In ya faɗi, tallafin karatu ya ƙare, sai Kano hannu rabbana.

Damuwar ita ce maƙwabcinsu a hawa na tara a unguwar Setapak, wani ɗalibi ɗan Kolombiya mai suna Eusebio. Kullum ƙarfe goma na safe sai ya fito baranda da jita ya buɗe maƙogwaro. Kalilu ba ya tsintar komai sai “corazón”, wadda ke dawowa kunnensa kamar sauro. Matarsa Barira ta duba waya ta ce ma'anarta zuciya.

“To wannan zuciya tasa ba ta gajiya ne?” in ji Kalilu.

“Ka je ka gaya masa mana, Baban Habiba.”

“Haba! In dubi idon maƙwabci in ce ya yi shiru? A unguwarmu in maroƙi ya dame ka, abu ake ba shi ya ƙara gaba.”

Aka yi ɗanwake. Kalilu ya ɗaura takunkumi, ya ajiye kwanon a ƙofar mutumin, ya ƙwanƙwasa, ya ruga gida kamar ɓarawon kaza. Washegari waƙar awa ɗaya ta koma biyu, har da sunan Kalilu a amshi. Kwano ya dawo da takarda mai baiti takwas. Waya ta fassara: wai ɗanwake ƙananan gizagizai ne da suka faɗo cikin mai da yaji. Barira ta yi dariya har da riƙe ciki.

“Rainawa ya yi,” in ji gogan naka. “A ƙara.”

Aka kai masa waina, aka yo ƙunshin nasi lemak, shinkafar kwakwa ta 'yan Malesiya, daga shagon abinci. Kowane kwano da sabon baitinsa. Haka Kalilu ya ci gaba da haddar jawabinsa cikin kiɗa, ransa a dagule.

Ana gobe jarrabawa, Barira ta leƙa baranda ta yi wa Eusebio bayani da Turanci. Ya dafe ƙirji yana ba ta haƙuri. “Perdón, hermana!” Ya ce goman safen nan tara ce ta dare a garinsu. Mahaifiyarsa ita kaɗai ce a gida tun da aka rufe iyakoki, kuma ba ta iya barci sai ya rera mata ta waya. Amma gobe zai ba ta haƙuri.

Ranar jarrabawa unguwa ta yi tsit. Malamai uku suka zuba wa Kalilu ido. Ya buɗe baki, ba komai. Ashe a kan kiɗan nan ya ɗora haddar, ba jita ba karatu. Ya ce intanet ce ke wasa, ya kashe murya.

“Barira! Ina mawaƙin nan?”

“Ni na roƙe shi ya yi shiru.”

“Wa ya aike ki, don Allah?”

Barira ta suri ragowar ɗumame ta yi waje, ta ƙwanƙwasa. Ba a yi minti biyu ba jita ta tashi. Kalilu ya kunna murya, takin zamani ya rinƙa zuba daga bakinsa tiryan-tiryan, yana rangaji a kujera. Wata farfesa 'yar Malesiya har da kaɗa kai. Daga ƙarshe ta ce, “Boleh lah, Dakta Kalilu,” wato ya ci jarrabawa.

Sai da ya gama tsalle sannan Barira ta ba shi labarin tsohuwar. Kunya ta rufe shi. Shi ma wata biyu ke nan bai kira Hajiyarsa ba, wai karatu.

Washegari goma saura biyar ya ɗauki ɗanwake da kansa. Ya ƙwanƙwasa, wannan karon bai gudu ba. Da Eusebio ya buɗe, Kalilu ya ce, “Ka ba ni wayar in gaida Mama tukuna.”