Notin da Ke Kallon Ƙasa

Kwana tara bayan haɗarin, janwe ta dawo da shuɗiyar motar gareji, bamba a karye, fitila ɗaya a fashe. Injiniya ya tsaya da kofin shayi a hannu yana kallo ana sauke ta. Bai taɓa shiga ajin injiniyanci ba, amma shekara talatin ke nan ana kiransa haka, kuma tuni ya daina yi wa mutane gyara a kan sunan.

Motar ƙofa biyu ce, cikinta kusan yana shafar ƙasa, irin wadda ake ƙera wa mutanen da suke sauri ba tare da sun san inda za su ba. Ta bi ta hannun mutum uku kafin ta iso wurin wata likitar haƙori, kuma Injiniya ya tabbata kowannensu ya sa ta a kasuwa ne washegarin ranar da ta ba shi tsoro. Likita ta kawo ta ne da ƙorafi ɗaya: injin lafiya lau, amma birki sai ta taka shi har ƙasa kafin ya tuna aikinsa.

Ya gyara, ko kuma dai ya ce ya gyara. Kwana biyu da karɓar motar, a gangaren da ke gaban asibitinsu, ta taka birki ya lotse kamar soso, ta shige bayan tankar ruwa. Allah ya sa ba gudu take yi ba. Ta tsira da tsagewar ƙashi a wuyan hannun dama, hannun da take riƙe kayan aikinta da shi.

A ranar ne mijinta ya zo garejin, bai ko kashe motarsa ba.

"Wa ya taɓa birkin matata?"

Fitar da iska daga birki aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana zama a kujerar direba yana taka birki. Ɗayan yana tsugunawa a gindin taya da sifana da tiyo da kwalba, yana kwance ɗan notin da iska ke fita ta cikinsa, yana ba da umarni: danna, riƙe, saki. Idan na sama ya ɗaga ƙafa kafin na ƙasa ya ɗaure notin, iska ta koma ciki, aiki ya tashi a banza. Shekara ashirin da shida Injiniya ne a ƙasa, ƙaninsa a sama. Auta ake ce wa ƙanin, duk da furfurar da ta cika masa gemu da 'ya'yansa huɗu.

Injiniya ya dubi mijin likita, ya dubi maƙwabtan da suka fara taruwa, mai walda da mai fenti da mai faci, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Matsalar daga ƙafar mai takawa ce. Na sha gaya masa yana saurin saki."

Mijin likita ya juya kan Auta, ya zazzage masa duk abin da ya kwaso daga asibiti. Ya ce da a ce da hukunci a duniya, irinsa ko keke ba za a ba shi ya taɓa ba. Auta bai ce uffan ba. Ya wanke hannunsa da sabulu, ya rataye rigar aikinsa a ƙusa, ya fita. Rigar tana nan a wurin har yau, kwana tara.

Injiniya ya ajiye kofin, ya sa jak, ya ɗaga gaban motar, ya cire tayar hagu. A ransa ya riga ya yanke cewa masta, famfon da ke tura man birki, ce ta lalace, ko wani tiyo ya kumbura, wani laifi dai na tsufan mota wanda ba na kowa ba. Ya tsuguna. Kalifa ta bayyana, ƙarfen nan mai kama da muƙamuƙi da ke damƙe faifan taya idan an taka birki, tana ƙyalli da jan fentin da shi da kansa ya fesa mata. Ya miƙa hannu sama yana laluben notin iska. Babu. Ya gangaro da yatsa, sai ya same shi a can ƙasa, yana kallon siminti.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya tashi, gwiwoyinsa suna ƙara, ya zagaya ya cire tayar dama. Nan ma notin ƙasa yake kallo.

Ko ɗan makarantar da ya taɓa girgiza kwalbar ruwa ya san iska sama take hawa. Notin fitar da ita dole ya zauna a sama. A irin wannan mota kalifar hagu da ta dama kamar tagwaye suke, kowace za ta shiga gurbin 'yar'uwarta, ƙusoshi su ɗauru tsaf, ba abin da zai yi gardama. Sai dai notin ya koma ƙasa, iska ta maƙale a sama, ko shekara za a yi ana dannawa ana riƙewa ba za ta fita ba.

Shi fa yana da ƙa'ida. Duk abin da ya ciro mai hagu da dama, sai ya sa alli ya rubuta masa H ko D kafin ya ajiye. Ya rubuta kuwa. Amma likita ta roƙe shi ya fente mata kalifofin ja, kamar yadda take gani a hoto, shi kuma ya shimfiɗa su a kan kwali ya fesa, fenti ya cinye alli. Da suka bushe ya ɗauko su ya ɗaura da ka, don mai shekara talatin a sana'a ba ya tsayawa duba irin wannan.

Sai sauran ya dawo masa, abin da ya yi kwana tara yana kauce wa tunawa. Sun yi zagaye uku suna fitar da iska, birki bai yi tauri ba. Auta ya sauko daga kujera, ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Yaya, wannan notin kuwa..."

"Koma ka zauna. Ni za ka koya wa noti? Ƙafarka ka gyara."

Auta ya koma ya zauna. Da yamma likita ta zo, ta taka, ta ce har yanzu da ɗan laushi. Injiniya ya ce mata sabon takalmin birki ne, sai ya kwana biyu yake zama daidai. Ya faɗa da muryar nan tasa da ba a musu da ita. Matarsa ce kaɗai a duniya take iya ce masa ka yi kuskure ya saurara, kuma shekara shida ke nan da binne ta.

Ya duba hagu, ya duba dama. Ba kowa a garejin. Ƙusa huɗu ne da tiyo biyu, aikin rabin awa. Zai iya juya su, ya samu wani ya taka masa, birki ya kama kamar dutse, ya ce wa likita masta ya canza. Ba wanda zai taɓa sani. Auta ma zai huce ya dawo, ai kullum yana dawowa. Ya ɗauki sifana, ya ɗora a kan ƙusa ta farko, ya murɗa ta ta saki.

"Injiniya, an dawo da gawar ke nan?"

Mai walda ne, ya ɗaga gilashinsa zuwa goshi, yana murmushi.

"An dawo da ita."

"In kana neman mai taka maka, ga ni. Ni ƙafata tana jin magana, ba irin ta Saurin-Saki ba ce."

"Wa ke nan?"

"Autanka mana. Ai sunan ya bi layin nan kaf. Jiya mai faci ya ce ya gan shi a garejin bakin gada yana neman aiki, suka ce masa su birkinsu lafiya yake, ba sa son a taɓa." Ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai ma dai ka yi haƙuri da shi, shekara da shekaru kana ɗauke da kaya."

Injiniya ya dubi rigar da ke rataye a ƙusa. Gwiwar hannunta ta dama ta sha faci har sau biyu. Ya mayar da sifana kan ƙusar da ya kwance, ya ɗaure ta yadda ya same ta.

"Ka duba mini garejin," ya ce. "Kada kowa ya taɓa motar nan. Ko kai."

Rana tana tsaka ya isa gidan ƙaninsa. Matar Auta ce ta buɗe ƙofa, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ikon Allah. Yaya ne yau a gidanmu? Ko mota ce ta mace maka a ƙofarmu?"

"Yana ciki?"

"Ina zai je? Ai ka ba shi hutu." Ta matsa gefe, amma ba sosai ba, sai da ya karkace ya wuce.

Auta yana zaune a ƙasa a falo, ya warware fanka, ya jera ƙusoshinta a kan faranti. Ya gaishe da yayansa cikin ladabi, yadda ake gaishe da baƙon da ba a san abin da ya kawo shi ba.

"An dawo da motar," Injiniya ya ce. "Ina so ka zo."

"Ka nemi mai ƙafar kirki, Yaya. Tawa an ce ba ta da kyau."

"Ba ƙafarka nake nema ba. Idonka nake so."

Auta ya ɗago ya dube shi. Matarsa ta ce daga bakin ƙofa, "In za ka je, ka je da bakinka wannan karon. Kada ka bar shi a gida kamar ranar nan."

A garejin Auta ya tsuguna a gindin tayar hagu, bai ko laluba ba, kai tsaye ya kai yatsa ƙasa ya taɓa notin.

"Ka gani?" Injiniya ya tambaya.

"Tun ranar na gani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na fara." Auta ya goge yatsansa a wando. "Ka ce in koma in zauna. Na zauna ina ce wa kaina wataƙila irin wannan motar haka take, Yaya ya fi ni sani. Alhali na san ba haka take ba. Ina kallo matar nan ta karɓi makulli ta tafi, don kawai kada ka sake yi mini tsawa a gaban mutane. Ka ɗauka zagin mijinta ne ya hana ni barci? Hannunta ne."

Injiniya ya fita bakin gareji ya ɗaga murya ya kira mai walda da mai fenti da mai faci. Suka zo suna goge hannu, suna tsammanin rigima. Ya nuna musu notin, ya ce su duba da kyau.

"Ƙasa yake kallo," mai fenti ya ce. "Wane gwanin ne ya ɗaura wannan?"

"Ni ne. Ta hagu na sa a dama, ta dama a hagu. Ƙafar Auta ba ta yi komai ba. Ya ma fara nuna mini, na hana shi magana. Wanda ya kai wancan sunan garejin bakin gada, ya koma ya karɓo shi."

Mai walda ya sauke gilashinsa ya rufe ido, kamar mai shirin komawa aiki. Mai faci ya ce, "To, ai kowa yana kuskure," da muryar wanda ya samu labarin da zai ci mako yana bayarwa.

Saura ɗaya. Injiniya ya ciro waya, ya kira likita, ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Ya gaya mata duka, har da maganar takalmin birki da ya ce zai zauna.

"Na tambaye ka a ranar," ta ce. "Na ce da laushi."

"Kin tambaya."

"Ni idan na cire wa mutum haƙorin da ba shi ba, ba na cewa mai riƙe mini fitila ne." Ta numfasa. "Mako shida ba zan yi aiki ba, Injiniya. Ƙaninka yana kusa?"

"Ga shi."

"Maigidana zai zo ya ba shi haƙuri, zan tabbatar. Motar kuma shi nake so ya haɗa ta. Kai kada ka sa mata sifana."

Ta kashe. Maƙwabta suka watse a hankali, kowa yana waiwaye.

Auta ya sauke rigarsa daga ƙusa, ya kakkaɓe ta, ya sa. Ya kwance kalifofin biyu, ya nemi alli ya rubuta H da D a kan jan fentin, manya-manya, bai dubi kowa ba. Ya mayar da kowace gurbinta, notin yana kallon rufi. Ya cika man birki, ya sa tiyo a kwalba, ya tsuguna.

"Sai an taka," ya ce.

Injiniya ya buɗe ƙofar direba. Kujerar a ƙasa take ƙwarai, sai da ya dafa sitiyari ya saki jiki ya faɗa ciki. Daga nan ba ya ganin taya, ba ya ganin kwalba, ba ya ganin komai sai bango da kalandar bara. Bai taɓa sanin haka wurin yake ba.

"Danna."

Ya danna.

"Riƙe."

Birkin ya nutse a ƙarƙashin ƙafarsa, ya ji kumfa tana fita cikin kwalba, fut, fut. Suka sake, suka kuma sakewa. A zagaye na biyar birkin ya fara turo ƙafarsa baya. A na bakwai ya tsaya cak a rabin hanya, da tauri, yadda ya kamata ya tsaya tun ranar farko.

"Riƙe," Auta ya ce.

Ya riƙe. Cinyarsa ta fara rawa, tsohon ciwon gwiwarsa ya motsa. Ya ji ƙarar sifana ta tsaya, ya ji an ajiye ta a siminti, ya san an gama ɗaure notin. Auta bai ce komai ba tukuna. Injiniya ya damƙe sitiyari da hannu biyu, ya ƙara danne ƙafarsa, yana jira a ce masa saki.