Laftof a Kan Rariya

Shekara goma sha ɗaya Mijinyawa ya yi yana saka kiɗa a bukukuwan garin Bauchi, tun ana ɗauko faifai a jaka har sana'ar ta koma cikin kwamfuta, aka riƙa kiran masu yin ta dije. Yawancin aikinsa ta hannun mace guda yake zuwa, wato Hajja Saudatu, wadda ke shirya wa manyan gidaje kamu da wunin biki, daga rumfa da kujeru har zuwa mai kiɗa. Wanda ta kira, shi ke cin kasuwar shekarar. Wanda ta sallama kuwa ba ta faɗa masa, sai dai ya ji wayarsa ta yi shiru.

Sau biyu a bazarar nan laftof ɗinsa tana ba shi kunya. Na farko a wani wuni ne a Gubi, kuma ba a lura sosai ba, don ya dace da lokacin rabon abinci. Na biyun ne ya yi muni. Amarya ta taso, ƙawayenta na biye da ita, mata sun miƙe za su fara liƙi, sai waƙa ta sarƙe a wuri ɗaya tana maimaita kanta, daga nan ta ɗauke. Minti shida amarya ta yi tsaye a tsakiyar fili kafin na'urar ta farfaɗo. Hajja ba ta yi faɗa ba. Bayan an watse ta sanar da shi cewa ranar Asabar ta sama akwai kamun Fati, 'yar ƙanenta, a Miri, a fili kuma da rana, ta kuma ce ta ba shi aikin saboda sabo.

"Amma Mijinyawa, idan ta sake ɗaukewa, ba sai mun yi magana ba."

Washegari ya hau keke zuwa Wunti, shagon Paulina, wata mutuniyar kudu mai sayar da kwamfutoci na hannu, tana kuma gyara su da kanta. Tun daga bakin ƙofa idonsa ya faɗa kan wata siririya mai ruwan azurfa. A ganinsa teburin dije abin kallo ne a wurin biki, kuma irin wannan ce za ta wanke masa suna. Paulina ta tambayi aikin da za a yi da ita. Da ya faɗa, sai ta ce wannan ta ofis ce mai sanyi, fankarta ƙarama ce, kuma kafofin jona wayarta biyu kacal, alhali shi yana da abin juya kiɗa da zai jona, ga kuma ma'ajiyar waƙoƙinsa. Ta sunkuya ta ɗauko wata baƙa mai kauri, da tagogin iska a gefe da ƙasa. Ta ce ƙwaƙwalwarta tana da faɗi, batirinta kuma yana riƙe wuta idan janareta ya yi tari. Mijinyawa ya ɗaga ta, ya ce ai wannan dutsen niƙa ne. Ta amsa da cewa idan kyau ya zo saye, ba za ta hana shi ba.

Shi dai ba ya sayen kayan aiki a inuwa. Ya sa manhajar kiɗansa a cikin duka biyun, ya fitar da benci bayan shago inda ranar ƙarfe biyu ke duka, ya jera su, ya kunna wa kowace waƙa biyu a lokaci guda kamar yadda yake yi a fili. Bayan minti arba'in siririyar ta fara in'ina. Baƙar ba ta ko gezau ba. Ya gamsu, ko da yake ba da son ransa ba.

Kafin su gama jira, Paulina ta karɓi tsohuwar laftof ɗin ta buɗe cikinta, don ta ga abin da ke damun ta. Ta sa ɗan tsinken ƙarfe a bakin fanka, ta zaro wani curi kamar auduga, ta ajiye a kan farar takarda. Zare ne da gashin yadi da ƙyalƙyali, launi-launi, sun dunƙule wuri guda. Ta tambaye shi a kan me yake ɗora ta idan yana aiki.

Ya bayyana mata al'adar. A kowane biki, mata kan ware wani yanki na yadin anko su lulluɓe teburin mai kiɗa da shi, domin hoto ya fito bai ɗaya. Wani lokaci leshi ne, wani lokaci karan-miski ninki biyu. Bayan ya ɗora laftof ɗin, sukan dawo su cusa yadin a gefenta don su ɓoye wayoyi. Yana cikin bayani ya duba curin da kyau, ya gane koren bikin Gubi, ya kuma gane ruwan gwal na ranar da amarya ta tsaya.

Paulina ta ce, "To, Malam dije, ba ita ta ci amanarka ba. Kai ne ka toshe mata hanci. Wannan baƙar ma haka za ta yi, sai dai ta fi daɗewa kafin ta suma."

Ya sayi baƙar, ya bar tsohuwar a share ta don ko-ta-kwana. A hanyar gida abin da ke ransa ba na'ura ba ne. Ba a taɓa yin mai kiɗan da ya ƙi yadin Hajja ba. Ya san wani mai rumfa da ta daina kira don kawai ya kawo launin da bai dace da anko ba.

Ranar Asabar bayan azahar ya isa Miri. An kafa rumfuna a filin da ake sussuka, zafi yana tasowa daga ƙasa. Hajja da kanta ta kawo yadin, karan-miski ne ruwan makuba, mai nauyi. Da ta ga baƙar laftof ɗin, ta tambaye shi ko a garejin makanikai ya samo ta. Ta shimfiɗa yadin ninki biyu, ta gyara kusurwoyi, ta wuce wajen masu kujeru.

Mijinyawa ya tsaya da na'urar a hannu. A ƙofar gidan bikin ya hangi wata tsohuwa ta gama tankaɗen garin masa, ta jingine rariyarta a bango. Ya je ya gaishe ta, ya roƙi aro. Ta yi dariya, ta tambaye shi ko an mayar da shi madafi ne. Ya kakkaɓe garin, ya goge da hannun rigarsa, ya kifa rariyar a kan yadin, ya ɗora laftof ɗin a bisa. Iska ta sami hanya ta ƙasa da ta gefe.

Ba a jima ba Hajja ta dawo.

"Mene ne wannan a kan teburina?"

Ya ce mata na'urar ta ƙasa take numfashi, kuma yadi ne ya shaƙe waccan har sau biyu. Ta dubi rariyar, katakonta ya yi baƙi don tsufa, ta dubi inda mai hoto zai tsaya. Sai ta kamo gefen yadin za ta ja shi sama ta rufe ta. Ya sa hannu ya dafe yadin a kan teburin.

"Hajja, ki yi haƙuri. Ko rariya ta fito a hoto, ko Fati ta tsaya a fili babu kiɗa."

A shekara goma sha ɗaya bai taɓa tsayar da hannunta ba. Ta saki yadin, ta tafi.

Aka fara bayan la'asar. Fati ta fito, ƙawayenta suka raka ta, aka yi kamu, aka yi liƙi, dangin ango suka shiga suka fita. Lokaci-lokaci Mijinyawa yakan kai bayan hannunsa gefen na'urar, ya ji iska mai ɗumi tana fita a hankali. Har aka kusa magariba waƙa ba ta sarƙe ba ko sau ɗaya. Da aka tashi Hajja ba ta zo teburinsa ba, shi ma bai neme ta ba. Ya haɗa kayansa ya koma gari.

Kwana uku wayarsa shiru. A na huɗu da hantsi ta kira. Ba ta ambaci kamun Fati ba. Ta ce akwai wunin biki a Zungur ranar ashirin ga wata, kuma ta sa kafinta ya yi rariya sabuwa daidai faɗin na'urarsa, za a riƙa yi mata fenti da launin ankon kowane biki. Kafin ta kashe wayar ta ce ya duba cikin buhun wayoyinsa, domin tsohuwar Miri tun Asabar take cigiyar rariyarta.