Kunnen Kafinta

Idan ana neman mutumin da ya yarda da albasa fiye da likita, to a je shagon Kafinta. Mura, albasa. Ciwon kai, albasa. Ranar da jikarsa ta faɗi jarrabawa ma sai da ya ce ai don ba ta cin albasa ne. 'Ya'yansa suka laƙaba masa Dakta, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu, bai gane tsiya ake yi masa ba. Ko kuwa ya gane, ya dai ga sunan ya dace da shi.

Shagon a jikin gida yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida. Shekara arba'in da ɗoriya yana ciki, tsakanin zarto da injin goge katako, har ƙarar ta cinye masa kunne. In ba an matso kusa da kunnensa na hagu an ɗaga murya ba, bakin mutum kawai yake gani yana motsi. Wannan kuwa sirri ne, a ganinsa. Babban ɗansa ya daɗe yana so a rufe shagon, tsoho ya koma ɗaki ya huta. Ranar da ya gano Baba ba ya jin sallama, magana ta ƙare. Kafinta kuwa ya san in aka raba shi da teburin nan, an gama da shi.

Mai rufa masa asiri shi ne Ƙusa, wani jan kare da ya tsinta a bayan tarin katako shekara shida da suka wuce, siriri kamar abin da ya ci sunansa. Karen yana da wata ɗabi'a. In mutum ya tsaya a ƙofa, ko waya ta yi ƙara, ko matar Kafinta ta ƙwala kira daga ciki, sai ya taso daga ƙarƙashin tebur ya dunguri ƙafar ubangidansa da hanci sau biyu, sannan ya kalli inda sautin ya fito. Sai Kafinta ya ɗago ya amsa da ƙarfi, kamar tun farko ya ji. A zuciyarsa yakan ce wannan baiwa ce, ba wanda ya koya masa. Yana son karen nan so na gaske, ko da yake in ka tambaye shi zai ce mai gadi ne kawai.

Matarsa ce take ba Ƙusa abinci. Da autarsu ta haihu, ta shirya tafiyar kwana goma, ta tsaya a ƙofar shago da jaka a hannu.

"Malam, shinkafa da ɗan nama, shi ke nan. Kada ka ƙara masa komai."

Ya ga bakinta ya motsa, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

A ranar Ƙusa ya yi atishawa sau biyu. Ƙurar katako ce, amma Dakta ya riga ya gano cutar. Ya yanka albasa guda ya zuba a kwano. Kare ya shinshina, ya kalle shi, ya koma ya kwanta. Wani zai haƙura a nan, amma ban da Kafinta. Ya soya ta da mai, ya cakuɗa da nama, Ƙusa ya lashe kwano tas. Haka safe, haka yamma.

A kwana na huɗu karen ya fara nauyin jiki. In ya taka kaɗan sai haki. Kafinta ya duba shi, ya girgiza kai, ya ce ashe murar ta kama shi sosai. Sai ya mayar da albasar biyu.

A kwana na shida wata mata da ta zo karɓar kujerunta ta yi ta sallama har ta gaji, ta shigo ta buga tebur. Kafinta ya zabura, guduma ta faɗi. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, Ƙusa yana kwance, idonsa a buɗe, ya ji sallamar sarai, ƙarfin tashi ne babu. Da ya lallaɓa ya fita, fitsarin da ya yi a bakin ƙofa ja ne wur, kamar shayin da aka manta a kan wuta.

Washegari sai ga matarsa, kwana uku kafin lokacinta, mayafi a karkace.

"Kira nawa na yi maka? Na ɗauka mutuwa ka yi!"

Ba ta jira amsa ba. Ta ga karen, ta ɗauki kwanonsa ta kai hanci, ta ajiye a hankali. Shekara arba'in da aure sun koya mata lokacin faɗa, kuma ba yanzu ba ne. Ta ce ya nemo mota.

Likitar dabbobin da suka kai shi wurinta ba ta kai autarsa shekaru ba. Ta ɗaga leɓen Ƙusa, dasashinsa fari fat.

"Baba, me yake ci kwanan nan?"

Matarsa ta maimaita masa a kunnen hagu. Kafinta ya gyara tsayuwa.

"'Yata, ta wannan ɓangaren kada ki damu. Albasa nake ba shi, biyu safe, biyu yamma. Ba don ita ba ai da tuni ya tafi."

Likitar ta ajiye abin da ke hannunta. Ta matso kusa da shi, ta yi magana dalla-dalla.

"Baba, ita ce take kashe shi. Albasa guba ce ga kare. Tana farfasa masa ƙwayoyin jini a hankali, ba a gani sai bayan kwanaki. Shi ya sa fitsarinsa ya yi ja, shi ya sa yake haki."

"Ai soyawa nake yi."

"Ɗanya, soyayya, dafaffa, garinta, duk ɗaya ne. Tafarnuwa ma haka."

Wannan karon ba sai an maimaita masa ba. Ya kalli hannayensa, har yanzu suna warin albasar safe. Ya ce, "Ni na yi masa?"

Aka riƙe Ƙusa kwana uku, aka ƙara masa ruwa, aka ƙara masa jini. Likitar ta ce ba za ta yi alkawari ba. Kwanakin nan Kafinta bai kunna inji ba. Ya juya kujerarsa tana kallon titi don kada wani ya zo bai gani ba, yana ta goga takardar yashi a ƙafar tebur ɗaya har ta kusa zama tsinke. Ba shagon kaɗai yake tunani ba. Abin da ya fi cin ransa shi ne yadda karen ya ƙi kwanon farko, shi kuma ya yi masa dabara.

Ranar da aka dawo da Ƙusa, ya rame ya koma sunansa. Ya shige ƙarƙashin tebur ya kwanta a kan buhunsa. Likitar ta ce sai an yi makonni kafin jininsa ya dawo daidai. Mako guda ya wuce, yana ci, yana sha, amma bai dunguri kowa ba.

Wata rana da hantsi matar Kafinta ta kawo masa shayi. Ya ce ta zauna. Ya daɗe yana juya kofin.

"Maman yara, akwai maganar da na ɓoye miki. Kunnena ya tafi. Ya yi shekaru. Karen nan ne yake ji mini. In bai dawo yadda yake ba, ki gaya wa yaron ya zo ya rufe shagon."

Ta kalle shi, ta kasa riƙe dariya. Ta jawo kujera zuwa hagunsa.

"Malam, ni ka ɓoye wa? Kai kana ganin kare haka kawai zai tashi ya zama ɗan aike?"

"Ban gane ba."

"Wata uku na yi ina tsayawa a bayanka da guntun nama a hannu. In kira ka, in nuna masa ƙafarka. In buga wayarka, in nuna masa ƙafarka. Kai ba ka ji ba, shi ya ji."

Kafinta ya ajiye kofin.

"Yaron fa?"

"Ya sani tun tuni. Ni na ce ya ƙyale mini kai. Na san in ka dawo ɗaki, ni za ka dama da albasa."

Ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, da wani daɗi da bai san inda zai ajiye shi ba. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce ƙurar katako ce. Ta ce ai ta sani, duk da mako biyu ke nan ba a kunna inji ba.

Ta ɗauki kofin ta nufi cikin gida. Shi kuma ya juya ga teburinsa, ya ɗauki fensir, ya tsaya yana kallon katako ba ya ganin komai. Bai san ta tsaya a bakin ƙofa ba, bai san ta kira shi ba.

Sai ya ji hanci mai sanyi a ƙaurinsa, sau ɗaya, da ƙyar. Sannan na biyu. Ƙusa yana tsaye, ƙafafunsa suna rawa, ya juya kai wajen ƙofar gida. Kafinta ya waiwaya, ga ta nan da guntun nama a hannu.

"Na'am," ya ce, da ƙarfin da har na titi suka ji.