Goron Bikon Balki

Raƙiya na tsaka da tankaɗen garin gero Muktari ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa, ya ajiye ƙullin goro a gabanta. Da ganin goron ta san zancen, biko ya zo. Sai dai babu wadda ta yi yaji zuwa gidanta.

"Ina Balkin take?" ta tambaye shi.

"Ashe ba ki sani ba, Inna? Tun safe tana gidan Sharifa. Saɓani munka samu, hannu ya kuɓuce mini."

Gidan Sharifa! Raƙiya ta ajiye rariya. Shekara da shekaru, duk macen da ta sha duka a wannan unguwa ta Tawa ɗakin Raƙiya take nufa. Ta gasa mata jiki da ruwan zafi, ta shafa mata man shanu, ta bar ta ta huce. In miji ya kawo goro ta wanke shi tas da faɗa, sannan ta sa mace gaba ta mayar da ita ɗakinta. Aure nawa ta ɗinke haka? Amma da gwamnati ta buɗe cibiyar sauraren matan da ake cin zarafinsu, aka zo neman wakiliya a unguwa, sai aka tsallake ta aka ɗauki Sharifa, wai don ta yi lakwal, karatun boko. Sharifar da Raƙiya ta yanke wa cibi da hannunta! Aka kai ta Yamai horo, ta dawo da wayar salula da shuɗiyar riga mai rubutu a baya, har a rediyo an sa ta. Ran nan kishi ya hana Raƙiya cin tuwo.

Duk wannan ta haɗiye. Amma Balki? Ɗiyar ƙanwarta, wadda ta goyo daga Affala ranar da aka binne uwar?

"Inna, ke munka sani," in ji Muktari. "Ke ce uwar unguwar ga. Waccan mai rigar, kashe aure anka koya mata. An ce yau za ta kai ta cibiyar, daga can sai wurin 'yan sanda."

Wallahi maganar ta yi mata daɗi. Ta ɗaure goron a bakin mayafi.

"Zauna a zaure. Yanzu zan taho maka da matarka."

Sharifa ta tare ta a tsakar gida, rigar nan a jikinta, ta rusuna tana gaishe ta. Raƙiya ta amsa a daƙile, ta wuce ɗaki. Balki na zaune a bakin gado, ta juya fuska ga bango. Raƙiya ta tsaya ta hagunta, ta rage murya don kada mai rigar ta ji.

"Tashi mu tafi gida. Kin kunyata ni a unguwa, ya isa haka."

Balki ko motsi.

"Da ke nake!"

Shiru. Raƙiya ta juyo kan Sharifa.

"Madalla! Kin ƙwace mini matan unguwa ban ce uffan ba, yanzu har ɗiyata kin koya wa raina ni?"

"Inna, ki yi haƙuri, ki koma ta damanta," in ji Sharifa. "Wannan kunnen ba ya ji."

Raƙiya ta zagaya. Sai a lokacin Balki ta ɗago a firgice, ido ɗaya ya kumbura ya rufe ruf, leɓe a fashe.

"Kunnenki, tun yaushe?"

"Tun marin damana, Inna. Wanda kinka ɗiga mini mai a ciki, kinka ce zai buɗe."

Raƙiya ta tuna. Ita ta raka ta har ƙofar Muktari wancan karon, tana tauna goronsa.

"To mi ya hana ki zo wurina yau? Ni ba uwarki ba ce?"

Balki ta sunkuyar da kai.

"In na zo wurinki komawa zan yi, Inna. Kuma kunne ɗaya ya rage mini."

Raƙiya ta zauna a bakin gadon ba ta shirya ba. Can sai aka ji ƙarar baburan kabu-kabu biyu a ƙofar gida, waɗanda Sharifa ta kira. Sharifa ta miƙo hannu za ta tayar da Balki, Raƙiya ta make hannun.

"A'a. Ni na goyo ta, ni zan riƙe ta. Ke hau wancan, ki yi gaba ki nuna hanya."

Aka sa Balki a tsakiya, Raƙiya ta rungume ta ta baya. Hanyar ta bi ta ƙofar gidanta. Muktari ya fito daga zaure da murmushi, ya zaci matarsa aka kawo. Raƙiya ta ce wa mai babur ya sassauta, ta kwance bakin mayafi, ta saki ƙullin goron a gaban ƙafafunsa.

"Mu je," ta ce.

Sharifa na gaba, iska na kaɗa shuɗiyar rigar. Raƙiya ta harare ta, ta kai baki saitin kunnen Balki na dama.

"Jingina da ni sosai. Kin ga rigar can? Ko kyau ba ta yi mata ba."