Gardabu na Kasuwar Droum

Malam Bukar tela bai taɓa ganin ubansa ba. Yana ciki aka ɗebi Mahamud soja, zamanin da Faransa ke kwasar samarin Damagaram zuwa babban yaƙi na biyu. Bayan wasu shekaru wani gardi, ɗan sandan Faransawa, ya zo unguwarsu ta Zango ya ce ya mutu a ƙetaren teku. Zara, uwar Bukar, ta yi takaba, ta sake aure, ta tsufa, ta rasu. Abin da ta bar wa ɗanta game da ubansa abu biyu ne: yana da zanen Barebari a kumatu, kuma bahago ne, har iyayensa suka gaji da bugun hannun suka ƙyale shi.

Bukar ya yi rayuwarsa bai cika ɗauko zancen ba. Sai da ya haura tamanin, hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, sannan maganar ta dawo masa. Ɗiyarsa Wasila, wadda ke aikin jinya a wani ƙaramin asibiti cikin unguwar Birni, takan biyo kowace safiya ta auna jininsa kafin ta wuce aiki. Wata rana tana naɗe abin awon ya riƙe mata hannu.

"Wasila, ke da kika yi lakwal, kika san boko, ki bincika mini. Ina aka binne shi? An yi masa salla kuwa?"

"Wa, Baba?"

"Ubana."

Ta ce to, tana zaton zuwa gobe ya manta. Bai manta ba. Yakan manta ko ya sha magani, yakan kira jikokinsa da sunan iyayensu, amma wannan tambayar kullum tana nan tana jiranta a bakin ƙofa.

Ta fara da ƙanenta Rashid da ke aiki a Yamai. Ya zauna gaban ordinatar, wato kwamfuta, ya shiga inda Faransawa suka zuba sunayen sojojin da suka mutu. Da ya kira ta muryarsa a gajiye take.

"Yaya, ba su rubuta Mahamud. Mamadu ne, Mamudu ne, Mahamadu ne. Babu sunan uba, babu ranar haihuwa, sai dai a ce wajen shekara kaza, Zinder, wato Damagaram. Sun yi yawa. Wanne zan ce namu ne?"

Ita ma ta yi yawon biro-biro, ofis bayan ofis, a gari. A wani wuri aka ce takardun wancan zamani an kwashe su zuwa Dakar tun kafin ƴancin kai, a wani aka ce suna Faransa. Ofishin jakadancin Faransa da za a bi ta kansa a tambaya kuwa an rufe shi. Kowa ya karɓe ta da mutunci, ya ba ta kujera, ya ce Allah ya ji ƙan kakanta, ta fito hannu wofi.

Daga ƙarshe aka nuna mata gidan da tsoffin sojoji suke taruwa a da. Ta tarar da mai kula da wurin, wani dattijo mai suna Illa, yana yayyafa ruwa a tsakar gida. Shi ma ɗan tsohon soja ne. Ya ce waɗanda suka je wancan yaƙin duk sun ƙare, na ƙarshensu ya rasu an daɗe.

"Amma ki sani, ɗiyata, ba duk wanda aka ce ya mutu ne ya mutu ba. Tsohona ya sha faɗa mana. Akwai waɗanda aka sauke daga kamiyo, babbar motar soja, ba su san sunansu ba, ba su san hanyar gida ba. Wanda ƙafarsa ta kai shi wani gari, nan yake zama. A Droum ma an yi wani, ina yaro na gan shi. Babarbare ne, da zanensa."

Wasila ta miƙe. Ta yi godiya ta fita, har ta kai titi ba ta san ta bar jakarta kan benci ba, sai da Illa ya biyo ta da ita.

Ranar hutunta ta shiga mota zuwa Droum, ba ta gaya wa kowa ba. Da ta tambayi dattawan bakin kasuwa labarin wani tsohon soja mai taɓin hankali, sai suka yi murmushi.

"Gardabu kike nufi. Je ki wurin Hajjo, uwarta ce ta ciyar da shi."

Hajjo tsohuwa ce siririya, tana zaune a zaure tana ɓare gyaɗa. Ta ce tun tana ƙarama, tana taya uwarta tallan fura, ta buɗe ido ta gan shi a kasuwa. Ba wanda ya san daga ina ya fito. Yana da tsohuwar rigar soja mai kauri, ba ya cire ta ko da zafin bazara. In ya ji ƙarar mota sai ya miƙe ya ƙame, ya daka tsawa da kalmar nan da ake ce wa sojoji su tsaya cak, gardabu, shi ne sunan ya bi shi. Ba ya duka, ba ya zagi. In aka yi tsawar hadari yakan shige ƙarƙashin rumbu yana makyarkyata, sai uwar Hajjo ta je ta lallashe shi ya fito.

"Inna, bai taɓa faɗin sunansa ba?"

"In an tambaye shi, lamba yake karantowa da Faransanci. Mu kuwa me muka sani?"

"Iyali fa?"

"Yakan ce yana da mata a Zango. Wani lokaci ya ce Zara, wani lokaci ya ce Falmata. An taɓa kai shi can a kan raƙumi, in ji tsohuwata, ya tsaya tsakiyar hanya yana waige-waige, ya fashe da kuka, aka dawo da shi."

Wasila ta gyara zama. Saura tambaya ɗaya, ita ce ta taho da ita tun daga gida.

"Da wane hannu yake cin abinci?"

"Da dama mana."

"Ba bahago ba ne?"

Hajjo ta ajiye gyaɗar ta dube ta.

"Ɗiyata, hannun hagun ai babu shi. Daga kafaɗa aka yanke. Can ya baro shi."

Ta ce ya mutu a shekarar babbar yunwa, lokacin da mutane ke faɗuwa a hanya. An same shi da safe jingine da bangon masallaci. An yi masa wanka, an yi masa salla, wannan kam ta shaida, don zanen uwarta fari aka yi masa likkafani da shi. An binne shi a tsohuwar maƙabarta ta gabas.

A mota Wasila ta yi ta juya abin a ranta. Barebari masu zane da suka tafi soja ba ɗaya ba ne, ba goma ba. Zara kuwa, a layin gidansu kaɗai akwai uku. Da ta gaya wa Rashid sai ya ce kada ta kuskura ta faɗa wa Baba.

"In shi ne, kin ce masa uwarsa ta yi aure a kan aure, ubansa kuma ya yi shekaru yana kwana a rumfar kasuwa, tafiyar yini ɗaya daga gidansa. In ba shi ba ne, kin ɗora masa wannan a banza."

"Amma an yi masa salla, Rashid. Abin da yake son ji ke nan."

"An yi wa wani salla. Ba ki san ko wane ne ba."

Washegari tana auna jinin Baba sai bakinta ya riga ta.

"Baba, kun taɓa zuwa Droum?"

Fuskarsa ta saki, ɓarin bakin da ke motsi ya yi murmushi. Ya ce ai yana saurayi duk ranar kasuwa can yake kai kekensa na ɗinki a bayan jaki.

"Kun san wani Gardabu?"

"Mahaukacin nan mai hannu ɗaya?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wa bai san shi ba? Nan yake zuwa ya tsuguna gaban kekena, ya zuba mini ido, yini guda. Ko ƙarar keken ce ke burge shi, oho. Na taɓa yi masa faci a rigar nan tasa, wari kamar me. Da ya fara korar mini mata masu kawo ɗinki sai na ɗauki sanda na raka shi. Bai ƙara zuwa ba. In na wuce sai in hango shi can nesa yana kallona."

Wasila ta sunkuyar da kai tana duba allurar awon, ba ta ganin komai.

"Allah ya ji ƙansa," in ji Baba. Ya ɗan huta, sannan ya ce, "To, kin samo wani abu?"

"Ana kan nema, Baba."

"Ki ƙara ƙoƙari. Na ga kamar lokaci ya yi nisa."

Haka suka ci gaba har damina ta faɗi. Kullum ya tambaya, kullum ta ce ana kan nema. Wani lokaci takan shirya maganar tun daga gida, yadda za ta fara da yadda za ta sassauta ta, amma da ta shiga ɗakin ta gan shi kwance sai ta rasa ta inda za ta kama. Ta koma wurin Illa ko ya tuna wani abu, bai tuna ba. Ta sa Rashid ya aika tambaya Faransa ta ordinatar, aka amsa da cewa sai an ba da lambar sojan. Ta kira Droum ko akwai wanda ya riƙe lambar da Gardabu ke karantowa, aka ce wani tsohon malamin lakwal ya iya kwaikwayonsa, amma ya rasu bara.

Malam Bukar ya cika wata Laraba da hantsi, Wasila tana wurin aiki.

Bayan sadakar arba'in ta sake komawa Droum. Hajjo ta haɗa ta da ɗanta Ɗanƙarami ya kai ta tsohuwar maƙabartar. Suka bi ta bayan gari har suka tsaya bakin wata gona, gero ya yi tsawo ya fi ƙarfin mutum, ya fara fitar da kai. Ɗanƙarami ya ce tun da ruwa ya cinye gefen wurin aka daina binnewa a nan, a hankali gonaki suka matso. Wannan tasa ce, ya gaje ta a haka.

Wasila ta daɗe tana duban geron. Sannan ta roƙe shi, in Allah ya kai mu baɗi, ya bar ɗan wuri kada ya shuka, ko da faɗin tabarma ne.

"Ba komai, Hajiya, zan bari," ya ce. "Ta wane gefe?"

Ta dubi gabas, ta dubi arewa inda ruwan ya yi zaizaya. Ɗanƙarami yana tsaye yana jira, da fartanya a kafaɗa.

"Ban sani ba," ta ce.

Ya gyaɗa kai. Ta ɗaga hannu ta yi fatiha a inda take tsaye, shi ma ya ajiye fartanyar ya taya ta. Daga nan suka juyo, yana gaba tana biye, don motar ƙarshe mai komawa Damagaram ba ta wuce la'asar.