Alfadarar Kawu Chebo

Kawuna Eusebio Tafoya, wanda kowa ke kira Chebo, ya yi shekara goma sha ɗaya yana jan alfadarai a babban filin shaƙatawar nan na garin Anaheim. Ya fara ne tun ana sare gonakin lemo ana zuba kwalta. Aikinsa shi ne a ɗora yara a bayan alfadarai, shi kuma ya ja ta gaba, su zagaya wani dutse da aka gina da siminti su dawo, wajen sau talatin a rana. Da ya bar aikin sai ya koma garin Corona ya kama gyaran famfo. Bai sake taka filin ba, kuma ban taɓa jin ya ce yana kewarsa ba.

Amma akwai masu kewar. Ƙungiya gare su, suna taro kowace shekara a zauren wani otal da ke kusa da filin, kuma yawancinsu an haife su ne bayan an kwashe alfadaran. Shugabansu Gordon Pruitt, wani mai sayar da inshora, shi ya binciko lambar Kawu. Sau biyu Kawu yana cewa ba zai je ba. A karo na uku ya tambaya ko akwai abinci, aka ce akwai kaza da shinkafa, sai ya kira ni ya ce in zo ranar Asabar in kai shi. Shekarunsa tamanin da bakwai a lokacin, kuma likita ya hana shi tuƙi.

Mun tarar da zauren cike. An jera tebura, a kansu akwai tsofaffin tikiti da taswirori, kowanne cikin leda. A cikin wani akwatin gilashi an ajiye kofin takarda guda ɗaya, har da fitila a kansa. Kawu ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya gaya wa mai shi cewa a zamaninsu zubar da su ake yi.

Gordon ya yi minti ashirin yana gabatar da shi. Daga nan ya miƙa masa makirufo.

"Mista Tafoya, gaya mana abin da ka ji a ranka a safiyar ranar da aka buɗe filin."

"Ana zafi," in ji Kawu.

"Sai kuma me?"

"Takalmin da suka ba ni ya matse ni."

Mutane suka rubuta. Wani ya tambayi yawan alfadaran, Kawu ya faɗa, Gordon ya zaro wata takarda ya ce a gafarce shi, amma lissafin bai yi daidai ba. Kawu ya ce tunda shi ke da takarda, a bi tasa. Wata ta tambaya ko dabbobin sun san cewa suna cikin tarihi. Kawu ya ce bai ga alama ba.

Ana shirin tashi cin abinci sai wata dattijuwa ta taso daga baya, rungume da kwali. Ta ce sunanta Noreen Haskell, daga Fresno ta zo. Tana 'yar shekara bakwai babanta ya kawo ta filin, ya saya mata malafa a ƙofa, kuma kafin azahar wata alfadara ta cinye gefen malafar. Ta sha kuka, baban kuma ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa. A shekarar da ta biyo baya ya rasu. Ta buɗe kwalin ta fito da malafar.

Kawu ya sa tabarau, ya karɓa, ya bi gefen cizon da babban yatsa.

"Wannan aikin Doris ne," in ji shi. "Haƙorinta ɗaya na sama a karye yake. Ga gurbin nan."

Gordon ya duba takardunsa ya ce ba shi da wata Doris. Kawu ya ce ai ba za ta kasance a ciki ba, don shi ya raɗa mata sunan, sunan wata malamarsu ta firamare ne. Ya ƙara da cewa da ta tsufa aka sallame ta, shi ya ɗauke ta ya kai gida. Ta yi shekara tara a bayan gidansa tana cin duk abin da aka shanya, kuma a can aka binne ta.

Da na san abin da zai biyo baya da na taka masa ƙafa.

Asabar ta gaba motoci biyar suka tsaya a ƙofar gidan Kawu. Mutum goma sha huɗu na ƙirga, Gordon a gaba, riƙe da furanni. Kawu ya fito da silifas, ya jagorance su zuwa gefen katanga, ya nuna musu wani ɗan tudu da ciyawa ta yi kore shar a kansa. Suka zagaye wurin. Gordon ya ajiye furannin, ya nemi a yi shiru na minti ɗaya, aka yi. Wani ya ɗebi ƙasa a kwalba. Suka ɗauki hotuna, suka sha ruwan lemo da na haɗa, suka tafi.

Ni kuwa ina 'yar shekara tara aka binne Doris, kuma ina wurin. Muna wanke kofuna na ce masa, "Kawu, ba a bayan gareji take ba?"

"A can take."

"To me ka nuna musu?"

"Tsohon ramin masai. Da hannuna na gina shi."

Na tambayi dalili, ya ce barkononsa na bayan gareji ya fara fure, kuma ya ga irin takalman da mutanen suka sako.

Noreen ba ta cikin waɗanda suka zo. Bayan kamar wata guda ta kira, ta ce za ta wuce ta Corona zuwa wurin 'yarta, ko za ta iya tsayawa. Kawu ya ce hanya ta gwamnati ce. Ranar da za ta zo na same shi ya yi aski, ya sa rigar da yake zuwa jana'iza da ita.

Bai kai ta gefen katanga ba. Ya wuce da ita bayan gareji, ya nuna mata inda za ta taka tsakanin kunyoyi, suka tsaya a gaban wani dutse da bai fi bulo girma ba. Ina daga tagar kicin ina jin su. Noreen ta ce ba ta ma san abin da ya kawo ta ba, don a gaskiya ta tsani alfadarar nan shekara da shekaru. Kawu ya ce kowa ya tsane ta, shi ya sa babu mai jan ta sai shi.

Ta tambaye shi ko akwai abin da yake tunawa na filin. Na ɗauka zancen takalmi zai sake yi. Amma sai ya ce da sassafe, kafin a buɗe ƙofa, shi ke fito da alfadaran daga barga. Babu kowa a wurin sai masu wanke titi, ba a kunna kiɗa ba tukuna, kuma idan lokacin fure ne, ƙamshin sauran gonakin lemon yakan tsallako katanga. Doris takan tsaya cak a wuri ɗaya ta ɗaga hanci, ko dukanta aka yi ba za ta motsa ba. Daga baya shi ma ya daina ja, ya riƙa tsayawa tare da ita. Ya ce minti biyar ne ko shida, kullum, kuma ba wanda ya taɓa kama su.

Noreen ta yi kuka kaɗan. Kawu ya jira ta gama, sannan ya tsinko mata barkono cike da leda, ya ce ta yi hankali da jajayen.

Yanzu takan zo sau biyu a wata, tafiyar awa huɗu da wani abu kowane zuwa, kuma 'yar tata ta daɗe da komawa Oregon, can wata jiha mai nisa. Suna zama a baranda suna musu a kan launin Doris. Ita ta ce toka-toka ce, shi ya ce ruwan ƙasa, hoton da ake da shi kuma baƙi da fari ne. Rannan na tambaye shi ko in fara neman rigar biki. Ya ce matar tana da mota mai kujera mai ɗumi, kuma tana kai shi kanti ba tare da ta yi ta duba agogo ba kamar wasu. Sannan ya ce in matsa, na tare masa talabijin.